Wannan baƙar robar da ake bi da sanda a kan ƙanƙara, wane suna za mu ba ta?

1/
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar harshe ce ta kawo ni yau, amma ta kan ƙanƙara za ta bi. Shekarata tara ke nan a Edmonton ta ƙasar Kanada, kuma duk wanda ya san ni ya san inda hankalina yake tun daga Oktoba har ƙarshen kakar wasa: wajen Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin nan. Ina roƙon a taya ni neman sunan Hausa na abu ɗaya tak, ɗan abin nan baƙi da 'yan wasan hokin ƙanƙara ke kora da sanduna. Turawa na ce masa puck. Ni bakina ya daina faɗin wannan kalma, kuma da dalili.

2/
Kowa ya san abin da bakin Bahaushe ke yi wa harafin p. Shi ya ba mu fensir, da famfo, da fakiti, da fasinja. To ku gwada shi a kan wannan kalma ku ji abin da zai fito. Ashar ne na Turanci, mafi muni a cikin nasu.

A shekarata ta farko, muna cin abinci a wurin aiki, washegarin wani wasa da tauraron Oilers Connor McDavid ya yi abin mamaki. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga murya ina ba da labarin yadda ya ɗauko abin tun daga gidansu ya keta mutum uku. Sau biyu na faɗi kalmar da bakinmu na gida. Ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ajiye kofin shayinta a hankali tana kallona. Wani abokin aiki ne ya ja ni gefe ya fahimtar da ni. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu ɗana yana buga wasan a ƙungiyar yara ta unguwa. Rannan a mota ya ce, "Baba, don Allah idan mun shiga kar ka faɗi sunan abin." Saboda haka masu cewa a ari kalmar kawai a Hausance ta, kamar yadda aka yi wa gola da fenareti a filin ƙwallo, ku yi haƙuri, wannan hanyar ba ta ɓullewa.

3/
Ga shi nan a gabana ina rubutun nan, bari in kwatanta wa wanda bai taɓa riƙe shi ba. Baƙar roba ce da aka gasa har ta yi tauri kamar dutse. Kewayayye ne, sama da ƙasa a shafe. Faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. Ya cika tafin hannu daidai. Gefensa akwai ƙananan zane don sanda ta samu abin kamawa. Kafin wasa a firiza ake ajiye su, domin in ya daskare ba ya yawan tsalle, sai ya kwanta ya riƙa sulalewa.

4/
Wani dattijo daga Damagaram ya riga ya amsa min cewa a ce ƙwallo a huta, tun da dama gidajen rediyo na cewa ƙwallon gora. Baba, na gode, kuma hujjarka ba ƙarama ba ce. Kalmar ƙwallo ta girmi wasan Turawa a bakinmu, ga ƙwallon goruba, ga ƙwallon mangwaro da ake jefarwa a huta da ƙuda, kuma ba dukansu ne mulmulallu ba. Amma ka ba ni dama in ja da kai kaɗan.

Wannan abin an ƙirƙire shi ne musamman don kada ya zama ƙwallo. Ranar 3 ga Maris 1875 aka yi wasan farko da aka shirya a cikin rufaffen ɗaki, a Victoria Skating Rink da ke birnin Montreal na Kanada, mutum tara-tara. Kafin nan da ƙwallo ake yi a kan daskararrun tafkuna. Da aka shigo ɗaki, ga 'yan kallo kusa, sai aka ji tsoron ƙwallo za ta yi tsalle ta faɗa kan jama'a, aka yanko shafaffen katako aka sa a madadinta. Daga wannan katakon robar yau ta samo asali.

Duk kyan wasan daga nan ya fito. Ƙwallo gangarawa take yi, tana dira tana tashi. Shi wannan zamewa yake yi, ya manne da ƙanƙara, ya bi lanƙwasar katangar fili ya zagayo ta bayan raga ya iske abokin wasa a ɗaya gefen. Ranar da ya tashi tsaye ya fara gangarawa a kan gefensa, 'yan wasa ba sa so, don ya ƙi jin sanda ke nan. In na ce wa mahaifiyata ƙwallo, abin da zai zo mata a rai daban ne da abin da nake gani.

5/
Kuma sunan ya kamata ya ɗauki nauyin abin, don ba abin wasan yara ba ne. A 2012 Zdeno Chara ya buga shi da gudun mil 108.8 a awa, kusan kilomita 175 ke nan. Masu tsaron raga a da fuska a buɗe suke tsayawa. Ranar 1 ga Nuwamba 1959, bugun Andy Bathgate ya fasa wa Jacques Plante na Montreal fuska, aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma ba sai da abin rufe fuska, kuma daga nan al'adar ta fara yaɗuwa. A 2002 abin ya tsallake katangar gilashin fili a birnin Columbus na Amurka ya sami wata yarinya 'yar shekara 13 a cikin 'yan kallo, ta rasu. Tun daga lokacin aka rataya doguwar raga a bayan kowane gida a filayen NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka.

6/
Ba mu ne farkon shiga wannan neman ba. Masu jin Faransanci a lardin Kebek na Kanada cewa suke yi rondelle, wato 'yar kewayayya, wani lokaci su ce disque. Akwai mai sharhin wasa René Lecavalier, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana kawo wasannin Montreal a talabijin tun daga 1952, ya dage sai da Faransanci tsantsa, har kalmominsa suka zauna a bakin jama'a. Mutanen Finland na cewa kiekko, ma'ana abu shafaffe kewayayye, kuma da shi suka raɗa wa wasan gaba ɗaya suna. Rashawa na cewa shaiba, sunan ɗan shafaffen zoben ƙarfen nan da makanike ke sawa a ƙarƙashin noti. Kowa ya duba cikin gidansa ya ɗauko abin da ya yi kama.

7/
Mu ma mu duba cikin gida.

Ranar da na fara kawo shi, maiɗakina ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ai daddawa ce." Wallahi ta yi gaskiya. Baƙi, a daɓe, kewayayye, kamar yadda ake jera ta a kasuwa. Wata Hajiya a nan ta ce waina, har ta ƙara da cewa in 'yan wasa na miƙa wa juna sai a ce suna juya waina. Hajiya, wannan ta yi min daɗi ƙwarai. Su ma 'yan wasan nan a tsakaninsu biskit suke ce masa. Na yarda daddawa da waina su zauna a matsayin sunan raha tsakanin masoya. Amma abin da ya fasa fuskar Plante, abin da ya yi ajalin yarinya, ba zan iya kiransa waina a cikin labari ba. Ana buƙatar sunan da zai shiga bakin mai karanta labarai ba tare da an yi murmushi ba.

An kawo kwabo, an kawo marfi. Kwabo ya yi sirara da yawa, marfi kuma sai an tambaye ka na mene ne.

8/
Nawa zaɓin shi ne faifai.

Ku dubi tafiyar da kalmar nan ta riga ta yi. Asalinta faifan kaba ne da iyayenmu mata ke rufe ƙwaryar fura da shi, suke bakace da shi. Da garmaho ya zo, kakanninmu suka ga wani abu baƙi, shafaffe, kewayayye yana juyawa, ba su ari sunan Bature ba, suka ce faifan garmaho. Da CD ya zo aka ce faifai. Ke nan Hausa ta daɗe da yanke hukunci: duk baƙon abu mai wannan siffa, faifai ne sunansa. Ba ƙirƙira nake yi ba, layin da aka riga aka shata nake bi. Kuma ma'anarsa ta zo daidai da abin da mutanen Finland da na Kebek suka zaɓa, ba tare da mun kwaikwaye su ba.

Gaɓa biyu ce, tana fita da sauri. Tana da jam'i a shirye, faya-fayai. Tana karɓar duk aikatau da wasan ke buƙata: a saki faifai, a miƙa faifai, a ƙwace faifai, a tare faifai, a ɗirka faifai a raga.

9/
Na san ƙorafi biyu da za a yi, don ƙanena ya riga ya turo min su. Na farko, yau in ka ce faifai, hankalin matasa bidiyo yake tafiya. Na biyu, faifai faffaɗa ne marar kauri, wannan kuwa ƙarami ne mai kauri.

Ƙanena, na biyun gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma faifan bidiyon da kake turo min a WhatsApp ba shi da faɗi ba shi da kauri, ba ya ma taɓuwa, kuma ba ka taɓa jin nauyin kiransa faifai ba. Na farkon kuwa, maganinsa a farkon magana a ce faifan hoki, daga nan sai a ci gaba da faifai kawai. Ba wanda zai ji an ce mai tsaron raga ya tare faifai da ƙirjinsa ya zaci bidiyo ne.

10/
Na gwada kalmar a kan daren da ya fi kowane dare yi min ciwo a wasan nan, don in ta iya ɗaukar wannan, za ta ɗauki komai.

24 ga Yuni 2024, wasa na bakwai kuma na ƙarshe na neman Kofin Stanley, babban kofin NHL. Florida Panthers sun ci mu uku a jere, muka farfaɗo muka rama uku a jere, garin Edmonton ya koma ruwan lemo da shuɗi tun daga motoci har tagogin gidaje. Rabonmu da kofin tun 1990, rabon Kanada gaba ɗaya da shi tun 1993. Ina tsaye cikin dubban mutane a filin da ke kusa da Rogers Place, gidan wasan Oilers, ɗana a wuyana, muna kallon babban allo. Ga yadda zan ba da labarin yanzu: a zango na biyu faifai ya yi ta yawo a bakin ragar Florida, saura ƙiris, aka share shi, suka juyo da shi, Sam Reinhart ya ɗirka shi a ragarmu, 2 da 1. A daƙiƙoƙin ƙarshe suka danne faifai a lungun katanga, suka tokare shi da takalma da sanduna, 'yan wasanmu na haƙa suna ja, agogo na ci, faifai ya ƙi fitowa. Har aka busa. Wani ƙato kusa da ni, gemunsa ya jiƙe da hawaye, ya dafa kafaɗata bai ce komai ba. An ba McDavid kyautar gwarzon wasannin duk da an ci mu, bai ma fito karɓa ba. A 2025 muka sake haɗuwa da su, suka sake ɗauka a wasa na shida.

Ku sake karantawa. Akwai inda kalmar ta yi tuntuɓe? Ni ban ji ba.

11/
Wani ya tambaya, cikin ladabi, ina ruwan Hausa da wasan da ba a yi a ƙasarmu. Malam, ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya buga a NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya buga wa Buffalo Sabres. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a nan Edmonton aka haife shi, ya zura 625 a NHL, kuma shi ne ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ba Kanada zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Duk da cewa tsohon kyaftin ɗin Calgary ne, manyan abokan hamayyarmu, ina girmama shi.

Amma babban dalilina yana cikin gidana. Duk Asabar ɗana yana kiran kakarsa a waya. Hausarsa tana tafiya lafiya lau in ana maganar makaranta da abinci. Da zarar ya zo kan abin da ya fi so a duniya, sai ya tsaya, ya nemi kalma ya rasa, ya juya Turanci, ita kuma sai ta ce "to, to, Allah ya yi albarka," ba ta fahimci komai ba. Ina ganin yadda fuskarsa ke sauka.

12/
Saboda haka ni dai na tsaya a kan faifai, faifan hoki in ana son bayani. Wanda ke da abin da ya fi shi ya kawo, amma ya gwada shi da ƙarfi tukuna, kamar yana sharhi saura daƙiƙa goma a tashi. Baba na Damagaram, ina jiran hukuncinka, musamman in a wajenku akwai wani sunan da ba mu sani ba a Kano.

Asabar ɗin da ta wuce na ce wa yaron ya gwada. Ya ce, "Kaka, na ƙwace faifai na zura a raga." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Faifai kuma? Na rufe ƙwarya?" Ya ruga ya ɗauko shi ya nuna mata a kyamara, ya juya mata gaba da baya. Ta matso da fuskarta ta ƙare masa kallo, ta ce, "Af, ɗan faifai ne. To sau nawa ka zura?"