Tsohon injin zuƙar ƙura yana tartsatsi, ina mafita?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina tara tsofaffin injinan zuƙar ƙura nan Yamai, har maiɗakina na cewa na mai da zaure kasuwar Katako. Wanda ya gagare ni na Amurka ne, mai jakar yadi, jikinsa ƙarfe zalla. Shi volt 110 yake ci, kuran ɗinmu kuwa 220, sai na sa masa transfo. Yana tashi lafiya, wajen jan ƙurar hunturu ma ya fi sabon na roba marar jaka. Amma minti 5 sai tartsatsi cikin moter da warin ƙuna. Na canza sharbon, wato ƴan gawayin da ke kai kuran cikin moter, ba ta canza zani ba. Transfon ne ya yi ƙarami, ko naɗin wayar moter ne ya ƙone? Don Allah masana ku taimaka.