Tsibirin Jojiya ta Kudu: Wa Ya Gano Shi?

Malam Nuhu: Assalamu alaikum. Abin yana damuna ƙwarai cewa duk lokacin da na kawo magana kan halittun Ubangiji a nan, sai a yi shiru, amma da an ambaci siyasa sai kowa ya farka. Duk da haka zan sake gwadawa. A kudancin Tekun Atlantika akwai tsibirin Jojiya ta Kudu, wanda Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya gano a 1775. Tsawonsa ya kai kilomita 160 da ɗoriya, yawancinsa duwatsu ne da ƙanƙara, dutsen Paget kuwa ya kusa mita 3,000. Daga 1904 zuwa 1965 an kashe kifayen wel sama da 175,000 a tashoshinsa domin mai. Yau tsuntsayen fengwin dubu ɗaruruwa suna cika gaɓar St Andrews, dabbobin ruwa na sil masu gashi da aka kusa ƙarar da su sun koma miliyoyi, kuma a 2018 aka sanar cewa babu sauran ɓera ko ɗaya, bayan an watsa guba da jirage masu saukar ungulu. Ra'ayina shi ne, babu wata hujja da ta fi wannan nuna cewa idan ɗan Adam ya ɗaga hannunsa, halitta tana farfaɗowa.

Kabiru: Malam, da girmamawa, ban wuce layi na uku ba. Ka ce Cook ya "gano" tsibirin. Wannan ita ce kalmar da aka cusa mana a makarantar firamare, aka ce Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali kakanninmu suna kamun kifi a cikinsa tun kafin a haifi kakansa.

Hajiya Rabi: Kabiru, misalin naka bai hau ba. Da Mungo Park ya isa Segu a 1796 ya tarar da gari da kasuwa da jiragen kwale-kwale. Wannan tsibiri kuwa ba shi da 'yan asali ko mutum ɗaya, har yau ma'aikata da masu bincike da masu yawon buɗe ido ne kawai suke zuwa su koma. To wa aka zalunta da kalmar?

Kabiru: An zalunci gaskiya, Hajiya. Wani ɗan kasuwar Landan mai suna Anthony de la Roché ya ga tsibirin a 1675, shekara 100 cif kafin Cook, lokacin da guguwa ta kore jirginsa daga hanya. Abin da Cook ya yi shi ne ya sauka, ya harba bindiga, ya ce ƙasar ta zama ta Sarki George na III. Wannan sunansa mallakewa.

Injiniya Lawal: Ganin abu daga nesa cikin hazo daban, sanin sa daban. Cook ne ya bi gaɓar tsibirin da jirgi, ya zana taswirarsa, ya tabbatar cewa tsibiri ne ba nahiyar kudu da yake nema ba, shi ya sa ma ya raɗa wa ƙarshensa suna mai nuna takaici. Duk wanda ya zauna da Turawan Ingila ya san ba su wasa da rubuta abu.

Kabiru: Mun sani ka yi karatu a can, ba sai an tuna mana kowace rana ba.

Injiniya Lawal: Ban yi tsammanin wannan daga yaron da na girme wa da shekaru masu yawa ba. Ka kawo hujja, ka bar tarihin karatuna.

Malam Nuhu: Jama'a, don Allah, maganata kan dawowar dabbobi ce.

Sadiya: Ni ina bayan Yaya Kabiru, kuma zan ƙara da cewa tsibirin ma na Ajantina ne. Kamfanin da ya kafa tashar kifayen wel ta Grytviken a tsibirin a 1904 a birnin Buenos Aires aka yi masa rajista, kuma kowa ya duba taswira zai ga wace ƙasa ce ta fi kusa. Me ya kai Ingila can, idan ba halinta na da ba?

Hajiya Rabi: 'Yata, wanda ya kafa tashar, Carl Anton Larsen, mutumin Norway ne, yawancin ma'aikatansa ma haka, kuma daga baya kamfanin ya karɓi hayar filin daga hannun gwamnatin Ingila. Mai biyan haya ba ya zama mai gida. Kusancin ma ba wani kusanci ba ne, domin daga tsibiran Falkland kaɗai, waɗanda suka fi shi kusa da Ajantina, akwai kusan kilomita 1,400 na teku. A 1982 kuma gwamnatin soja ce ta Ajantina ta mamaye shi a farkon Afrilu, Ingila ta ƙwace shi kafin watan ya ƙare.

Sadiya: Ƙwacewa da ƙarfin jirgin yaƙi ba ta nuna wa ke da gaskiya, Mama. Kano ma da ƙarfi aka ci ta a 1903.

Injiniya Lawal: Haɗa Kano mai ganuwa da sarki da malamai da tsibirin da ba kowa sai tsuntsaye, cin fuska ne ga Kano.

Kabiru: Ai tsuntsayen ma ba su tsira ba. Rahoton Cook ne ya ja mafarautan sil zuwa wurin, jiragensu ne suka kai ɓerayen da suka riƙa cinye ƙwai. Wannan shi ne amfanin "ganowar" da kuke karewa.

Malam Nuhu: Ga shi ka taɓo abin da nake so a tattauna, wato ɓarnar da gyaranta. Akwai ƙaramin tsuntsu mai waƙa da babu shi ko'ina a duniya sai can, wanda ya koma yin sheƙa a inda ɓeraye suka kore shi.

Injiniya Lawal: Sai Kabiru ya janye maganarsa a kaina tukuna.

Kabiru: Ban zagi kowa ba, don haka babu abin janyewa.

Hajiya Rabi: Tunda dare ya yi, bari in taƙaita. An amince cewa tsibirin ba shi da 'yan asali, saboda haka kwatanta shi da kogin Kwara ko da Kano kuskure ne. An amince cewa Cook ne ya fara sauka ya zana shi, don haka kalmar Malam Nuhu tana nan daram. Da'awar Ajantina ba ta samu hujja ba. Batun De la Roché kuwa ƙaramin bayani ne da bai canza komai ba.

Sadiya: Wa ya amince, Mama? Mu biyu ba mu amince ba, kuma ba ki ambaci maganar mafarauta da ɓerayen da Yaya Kabiru ya kawo ba ko da kalma ɗaya.