Amsata ta fito da alamar ragi: in goge ko in miƙa haka?

Ɗalibar fizis: Salamu alaikum. Gobe zan miƙa aikin gida. Batir biyu ne, mai bolt 12 da mai bolt 6, kowanne da resista mai om 2 a reshensa, sai reshe na uku a tsakiya mai om 4. Kawunan batiran masu alamar tarawa duk mahaɗa ɗaya suke kallo. Da dokokin Kirchhoff, na lissafin wutar lantarki a kewaye, na samu amfiya 2.4 a reshen babban, 1.8 a tsakiya, amma na ƙaramin ya fito −0.6. In goge ragin ne?

Mai sauri: Ki haɗa 12 da 6, ki raba da om 8. Amsa 2.25, shi ke nan.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Ai ba a jere suke ba, ɗana, ka karanta tambayar tukuna. 'Yata, duba mahaɗar: 2.4 ta shigo, 1.8 ta bi tsakiya, ina saura 0.6? Cikin ƙaramin batirin take shiga, cajinsa ake yi. Kibiyar da kika zana don nuna inda wutar ta dosa ce ke kallon baya.

Mai gyaran wuta: Ni wannan abin a jikina na koye shi. Na taɓa haɗa batir mai 12 da mai 6 kai da kai, babu resista ko ɗaya, wai ƙarfi nake nema. Kafin in ankara waya ta yi ja, robarta ta narke a yatsana, ƙaramin batirin ya kumbura. Har yau tabon yana nan. Maigidana ya ce ni zan biya, alhali bai taɓa gaya min abin da ke tare wutar a cikin batir ɗan kaɗan ne ba. Wata uku bai bar ni na taɓa komai ba sai tsintsiya.

Ɗan raha: Wato ƙaramin batir ya zo taya aiki, ya ɓige da cin bashi.

Mai sauri: Malam, takarda daban, aiki daban. Ni ban taɓa ganin mai gyara yana zana kibiya ba.

Tsohon malami: Shi ya sa yatsa ya ƙone. Tun 1845 Kirchhoff ya fitar da dokokin nan, har yanzu ba su yi ƙarya ba.

Injiniya: Ki gwada batir ɗaya-ɗaya, ɗayan ki maye shi da waya. Babban zai tura 2.4 ta reshen ƙaramin a baibai, ƙaramin 1.8 a gaba. Sai ki cire.

Ɗalibar fizis: To amma in juya kibiyar ne, ko in bar ragin?

Mai gyaran wuta: Ku da ake koya wa a allo kawai, akwai wanda aka nuna wa yadda ake auna amfiya? Yarona jiya ya ɗora mita a kan batir kai tsaye, fis ya tashi nan take.

Ɗan raha: Mu shekara guda muka yi muna kallon mita a kulle cikin kabad.