Muhawara: Dam ɗin Tiga ya ƙara arziki ne, ko ya sauya masa mazauni?

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau: Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu zauna a kanta ita ce wadda na sha faɗa a gaban manya da ƙanana, cewa tun daga samun 'yancin kai babu aikin gwamnati da ya amfani talakan ƙasar Kano kamar dam ɗin Tiga, wanda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. An kammala shi a daidai lokacin da fari ya gama gasa yankin nan, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 1.9. Duk wanda ya bi hanyar Zariya a watan Fabrairu, ya ga korayen gonaki daga Kadawa zuwa Kura alhali ko'ina ƙasa ta bushe, ya ga motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan, ba ya bukatar wani ya yi masa dogon bayani. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk kogin da zai iya ɗaukar babban dam a arewa a gina masa, kuma a fara da na Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda aka shafe shekaru ana jan ƙafa a kansa.

Manomi, Kura: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina bayanka a kan rabin farko na maganarka, domin ni shaida ne. Mahaifinmu ya ba mu labarin yadda samarin garinmu suke watsewa ci-rani da zarar an gama kaka, ba a sake ganinsu sai hadari ya haɗo. Yau mu ake zuwa wa ci-rani. Gona ɗaya tana ba ni shinkafa da damina, ta ba ni alkama ko tumatir da hunturu, wani lokaci ma in samu in saka masara kafin ruwan sama ya sauka, kuma ruwan da kansa yake gangarowa ta kanal ba tare da na sayi man inji ba. Injinan casar shinkafa da suka cika Kura, da matan da suke turara ta, da masu dako da direbobi, duk a kan ruwan nan suke cin abinci. Ruwan famfon birnin Kano ma, wanda ake tacewa a Tamburawa, ruwan Tiga ne. Sai dai a kan Kafin Zaki ba zan yi gaggawar cewa komai ba, domin ban san ƙasar ba.

Malamar makaranta, Nguru: Alhaji da Malam, ban musanta ko kalma ɗaya daga abin da kuka faɗa a kan Kura ba, amma ku yi haƙuri, kogi ba a Kura ya ƙare ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya gangaro ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, kafin ragowarsa ya haɗu da ruwan Jama'are su wuce Gashuwa su nufi tafkin Chadi. Mutanen wannan fadama tun kaka da kakanni rayuwarsu a kan cika da janyewar ruwa take. Idan ambaliyar damina ta zo a shuka shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, idan ruwa ya fara ja a bi sawunsa da wake da dawa da kayan lambu, sannan Fulani su sauko da shanu su ci burgu har ƙarshen rani. Ƙasa ɗaya tana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa, ba tare da gwamnati ta kashe kwabo ba.

Da aka gina Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, sai wannan tsari ya juye. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa zuwa da rani a lokacin da ƙasa ta saba bushewa, kuma babu abin da ciyawar kacala take so kamar ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki da suke wawashe hatsi. Tsohuwar hanyar kogin ta cushe har yawancin ruwan ya karkata ta hanyar ruwan Marma zuwa tafkin Nguru, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna neman na sha. Tambayata ga Alhaji ita ce, idan ya lissafa buhunan da suke shigo masa daga Kura, wa yake lissafa waɗanda suka daina fitowa daga Guri da Kirikasamma?

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau: Malama, na ji ki, kuma ban raina asarar kowa ba. Amma kada mu ɗora wa dam laifin sama. An yi fari a farkon shekarun 1970, aka sake yin wani a 1983 da 1984, ruwan sama ya ragu a duk yankin Sahel, tafkin Chadi kansa ya tsuke. Ko da babu Tiga fadamar za ta ragu. Kuma noman da ya dogara ga ambaliya caca ne, bana a samu baɗi a rasa, alhali yawan jama'ar da muke da shi yau ba zai jira sa'a ba.

Injiniyan ruwa mai ritaya, Kano: Alhaji ya yi gaskiya cewa fari yana da nasa kason, amma Malama ta fi kusa da abin da masu auna kogin suka gani. Fari yana rage yawan ruwa, ba ya sauya lokacin zuwansa, kuma kacala shaida ce ta sauyin lokaci, domin fari ba ya haifar da ciyawar da sai a cikin ruwa take rayuwa.

Akwai abubuwa biyu da masu yabon dam ba su cika ambata ba. Tafkin Tiga yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 178, kuma a ƙasa mai zafi da iskar hunturu irin tamu rana tana shanye kusan mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara, wato ɗaruruwan miliyoyin kubik mita suna tashi sama ba su shiga gonar kowa ba. Na biyu, an tsara kashi na farko na aikin ban ruwan kogin Kano ya kai kusan hekta 22,000, amma an shafe shekaru da dama ana noma abin da bai kai haka ba, saboda wasu sassan ba a kammala su ba, wasu kanal-kanal kuma sun cike da laka da ciyawa. A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta abin da ruwa yake samarwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, idan aka haɗa noma da kifi da itace, da abin da ruwa daidai wannan yake samarwa a aikin ban ruwan Kano, suka samu na fadamar ya fi nesa ba kusa ba. Mutum yana iya jayayya da yadda suka yi lissafin, kuma farashin shinkafa ya sauya tun daga lokacin, amma ban ga wanda ya nuna cewa fadamar ba ta da daraja ba.

Ɗalibin jami'a, Zariya: Baba Injiniya, a gafarce ni, duk maganar ta tsaya a kan noma, alhali rabin hujjar gina manyan madatsun ruwa wutar lantarki ce. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 an saka masa injinan da za su iya ba da megawat 760, Shiroro 600, Zungeru 700, kuma wuta ce da ba ta bukatar gas ko dizal. Na karanta cewa injin wuta ba ya shanye ruwa, juya shi kawai ruwan yake yi ya wuce. Idan haka ne, ai sanya injin a Tiga riba ce tsantsa, ba ta rage wa mutanen Nguru ko cokali ɗaya.

Injiniyan ruwa mai ritaya, Kano: Ɗana, abin da ka karanta daidai ne, amma bai cika ba. Ƙarfin wutar da dam yake bayarwa ya dogara ne ga tsayin da ruwa yake faɗowa da kuma yawan ruwan da yake wucewa a kowace daƙiƙa. Kainji yana kan kogin Kwara ne, wanda ya ɗebo ruwa tun daga tsaunukan Gini, shi kuwa kogin Kano da rani yashi ne kafin a yi dam. Shi ya sa tashar da gwamnatin Kano ta gina a Tiga megawat 10 ce kawai, kuma ta zo ne kusan shekara hamsin bayan gina dam ɗin. Tana da amfani, musamman ga injinan tura ruwan sha, amma ba ita za ta tayar da masana'antun Sharaɗa da Bompai ba.

Batun cewa injin ba ya shan ruwa kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Mai wuta yana son a saki ruwa daidai wa daida kullum, dare da rana, rani da damina. Mai noman rani yana son a riƙe shi da damina a sakar masa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Mutumin fadama yana son a sako shi da yawa a Agusta, sannan a rufe ƙofa da rani ƙasa ta bushe kacala ta mutu. Ƙofa ɗaya ce, kuma ba za a buɗe ta yadda ukun za su gamsu gaba ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka dam ɗinsa zai ba da wuta da ban ruwa da ruwan sha, ya kuma hana ambaliya, ka tambaye shi wanne zai sadaukar a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, domin hana ambaliya yana bukatar a bar tafki da sarari, sauran kuwa suna son sa a cike.

Dattijo, Talatan Mafara: Ku bar ni in sa baki, ko da yake ba kogina ake magana a kai ba. Mu a nan an gama mana dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978. An tashi dubban mutane daga inda ruwa ya mamaye, an karɓe gonaki ana baje su na tsawon lokaci ba a shuka komai ba, diyya ta zo wa wasu ba ta zo wa wasu ba. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane, kuma har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen ƙauyukan suke faɗa sun yi hannun riga. Jikokina suna noman rani da ruwan dam ɗin yanzu, ba zan ce ba su amfana ba. Amma Alhaji, kalmar nan taka ta "a gina" tana da sauƙi a baki ga wanda kabarin kakansa ba zai kwana a ƙarƙashin ruwa ba. A Kainji ma sai da aka tashi mutane sama da 40,000, tsohon garin Bussa ya nutse.

Manomin tattasai, Diffa, Jamhuriyar Nijar: Baba ya tuna mana da waɗanda suke saman dam, ni kuma ina can ƙarshen igiya. Kogin Komadugu Yobe shi ne iyakarmu da Najeriya, kuma da ruwansa muke noma tattasan da ake kaiwa kasuwannin Najeriya. Yawancin ruwan da yake wuce Gashuwa ya iso gare mu na Jama'are ne, domin shi ne babban reshen da ba a ɗaure shi da babban dam ba. Idan aka gina Kafin Zaki ba tare da an rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki da lokacin sakinsa ba, mutanen Bauchi za su samu Kurarsu, mu da mutanen Yobe da Borno kuma mu samu abin da Malama ta bayyana.

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau: Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara a kan diyya, kuma na yarda cewa lissafina ya tsaya ne a kan abin da yake shigowa Dawanau. Amma ban janye cewa Tiga alheri ne ba. Abin da na fahimta daga Injiniya shi ne laifin yana wajen sarrafa ƙofa da gyaran kanal, kuma wannan abu ne da ake iya gyarawa, tunda an ga yadda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya farfaɗo da kanal-kanal a Kano da Haɗejiya da Bakolori.

Malamar makaranta, Nguru: Alhaji, gyaran kanal yana ƙara wa masu noman rani ruwa, ba ya mayar wa fadama daminarta. Tun shekarun 1990 masana suke ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina don a kwaikwayi ambaliyar da, kuma a rage na rani. Idan kana so in yarda cewa za a rubuta wa Kafin Zaki ƙa'ida a kiyaye ta, a fara nuna mana an kiyaye ta a dam ɗin da ya haura shekara hamsin.

Manomi, Kura: Malama, idan aka rage ruwan rani, tumatir ɗina ne zai fara bushewa, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai na san a layinmu waɗanda suke bakin kanal suna cika gona da ruwa har ya malale kan hanya, na ƙarshen layi kuma suna kwana suna jira. Idan aka hana wannan ɓarna, wataƙila abin da za a rage mana ba zai kai yadda nake tsoro ba. Injiniya, a ganinka kashi nawa na ruwan da ake saki ne yake isa gindin shuka?