Korona da hulɗar jami'o'inmu da na waje: ina gizo ya yi saƙa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Za a sabunta yarjejeniya da wata jami'ar waje. Waɗanda suka ga abin da korona ta ɓata, a taimaka da bayani.

Malamin injiniya, Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, fara da Sin. Ranar 28 ga Maris 2020 ta rufe ƙofa ga baƙi, har masu biza a hannu, kuma ba a ci gaba da bai wa ɗalibai biza ba sai Agustan 2022. Duk ɗalibinmu na can da ya zo hutu gida ya maƙale, sai dai karatu ta intanet. Beijing ta riga mu da awa 7, don haka laccar ƙarfe 8 na safe ƙarfe 1 na dare ce a Kano: ɗalibi na riƙe da waya, babu wuta, data na zuba. Alawus ɗin gwamnatin Sin, yuwan 3,500 a wata ga mai digirin digirgir, shi ma an tsayar wa wanda ke waje.

Mai kula da ɗakin gwaji: Lacca ai da sauƙi, Dakta. Binciken da aka raba gida biyu shi ya fi jin jiki: a ɗebi samfurin jini a nan, a auna a can. An rufe jiragen waje na Legas da Abuja daga 23 ga Maris har 5 ga Satumba. Samfurin na buƙatar firiza mai sanyin digiri -80 a ma'aunin Celsius, ga makaranta a kulle, ga ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na yajin aiki har Disamba, janareta ba dizal. In ya narke aka sake daskarar da shi, sakamakon ya zama abin shakka. Wahalar shekara guda ta tafi.

Jami'ar kuɗi: Haka ne, Hajiya. Ga kuma naira: dala a hukumance ta tashi daga 306 zuwa 360 a watan Maris ɗin. Kuɗin da aka ware na shekara uku bai san da ta huɗu ba.

Malamin injiniya, Zariya: To Malam, a rubuta ƙarara cikin yarjejeniyar: wa zai biya ƙarin wa'adi, wane ɗakin gwaji na gida zai karɓi aikin in an rufe iyaka, da malami na biyu a nan mai ikon sa hannu a kundin ɗalibi.