Yaro mai son mutane: otizim ne ko rashin natsuwa?

Assalamu alaikum malamai. Yaro ne ɗan shekara 6 a Jidda, ana zargin otizim, wato tawahhud da Larabci, larurar da ke shafar cuɗanya da sadarwa da mutane. Abin da ya ɗaure kai, yana son mutane, har baƙo yake runguma. Amma hirarsa ta motoci ce kawai, ba ya jiran amsa, ko abokinsa ya ɓata rai bai lura ba. Zaman minti biyar kuma ya gagara, gida da makaranta. Tun 2013 DSM-5, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance larura, ya yarda yaro ɗaya ya haɗa otizim da ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali. To yaya ake bambance wanda bai gane yanayin fuska ba da wanda hankalinsa ne bai tsaya a kai ba? Kuma da Larabci aka yi masa gwajin tantance otizim mai suna ADOS-2, alhali Hausa ake yi a gidansu. A dogara da sakamakon kuwa?