Wai me Beatles suka yi ne har aka sa wa filin jirgi sunan mawaƙinsu?

Ɗan Anfield:

Salam jama'a. Tambaya gare ni ga manyanmu da masu bin tarihin Turawa. Ɗan baffana yana karatu a Liverpool, jiya ya turo min hotuna ta WhatsApp, ni duk zatona filin Anfield zan gani tunda ya san yadda nake ji da kulob ɗin, sai ga shi tsaye a bakin ruwa ya sha rigar sanyi ya rungume wasu gumaka huɗu na tagulla. Na ce su waye kuma waɗannan, tsofaffin 'yan ƙwallo ne? Ya ce a'a mawaƙa ne wai su Beatles, kuma ma filin jirgin saman garin sunan ɗayansu aka sa masa, John Lennon. Wai har layi ake bi kafin a ɗau hoto da gumakan.

Sai na shiga YouTube na duba. Bidiyo marar kala, samari huɗu sun sha kwat kamar ma'aikatan banki, uku da jita ɗaya a kan ganga, 'yan mata kuwa sai ihu suke suna yagar gashin kansu wasu har suma ana kwasarsu. Waƙar kuma wallahi ni ban ji wani abin a zo a gani ba. To shi ne nake tambaya, da gaske ne sun canza rayuwar matasan zamaninsu kamar yadda ake faɗa, ko dai zuzutawar Turawa ce kawai irin yadda suka saba da kayansu?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikassalam ɗana. Ka tuno min da nisa. Farkon jin su da na yi muna kwalejin horon malamai a farkon shekarun 1970, akwai wani Bature ɗan sa kai da ke koya mana Turanci, yana da garmaho mai batir a ɗakinsa, ranar Asabar da yamma sai ya fito da shi baranda mu zagaye shi. Allurar ta tsufa tana tsalle, sai ya ɗora kwabo a kan hannun garmahon don ta zauna. Ya sa mana faifansu yana lumshe ido yana kaɗa kai, mu kuwa muna kallon juna muna danne dariya, don mu lokacin kunnenmu na wajen Shata da Ɗan Maraya, in ta Turanci ce to James Brown, in kuma an shiga gari sai fim ɗin Indiya. Wata rana ya mance faifan a kan taga rana ta gasa shi ya lanƙwashe kamar gurasa, bawan Allah nan kwana biyu ba ya dariya a aji. Lokacin ne na gane abin ya wuce waƙa a wajensa.

Shi ya sa nake ce maka kada ka auna su da kunnenka na yau. Duba yaran da suka saurare su. Su huɗun duk cikin yaƙin duniya na biyu aka haife su, Lennon da Ringo Starr 1940, Paul McCartney 1942, George Harrison 1943, a garin da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai. Ingila ba ta daina rabon abinci da kati ba sai 1954. Yaro in ya kai shekara 18 aikin soja na dole ke jiransa, a aske masa kai ƙwal a koya masa yes sa. To a 1960 aka daina wannan ɗiban. Ka ga kenan an samu tarin samari ba yaƙi, ba bariki, ga aiki ga 'yan kuɗi a aljihu, ga ƙaramar rediyo mai batir da yaro zai shige ɗaki da ita uban bai san me yake ji ba. Ana cikin haka sai ga waɗannan.

Kuma ba 'ya'yan manya ba ne, wannan shi ne babban abin. A Ingilar wancan lokacin in kana son a ji ka a rediyo sai ka karya harshe ka yi Turancin 'yan Landan masu ilimi, su kuwa da karin harshensu na Liverpool suke magana, suna yi wa 'yan jarida ba'a, kuma su ke rubuta yawancin waƙoƙinsu da kansu alhali da can mawaƙi sai dai a rubuta a miƙa masa. Ba su ma iya karanta rubutun kiɗa irin na makaranta ba. Gogewarsu a mashayun birnin Hamburg na Jamus suka yi ta daga 1960, kiɗan awa da awanni kowane dare, sannan wani kulob na ƙarƙashin ƙasa a Liverpool mai suna Cavern inda suka yi wasa kusan sau 300. Duk ɗan lebura da ya gan su sai ya ce ashe ni ma zan iya, ya tara kuɗi ya sayi jita ya kira abokansa uku.

Ranar 9 ga Fabrairu 1964 da suka fito a shirin Ed Sullivan a talabijin ɗin Amurka mutum kusan miliyan 73 suka kalla, wata uku bai cika ba da kashe shugaban ƙasarsu Kennedy, ƙasar na cikin jimami. A watan Afrilu waƙoƙinsu ne na ɗaya zuwa na biyar a Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Gashin nan da kake gani ya rufe goshi kawai, yau ba komai ba ne, amma lokacin an kori yara daga makaranta a kansa.

Ummin Yara:

Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, amma ni fa kun faɗi zuma kun bar harbin. Tasiri ai ba lallai alheri ba ne. Waɗannan mutanen su suka sa shaye-shaye ya zama ado a wajen yaran Turawa, McCartney da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida a 1967 cewa ya sha ƙwayar LSD, yaron da ya manna hotonsa a bangon ɗaki me kuke so ya yi? A 1980 ma sai da ya kwana tara a tsare a Japan saboda wiwi da aka samu a jakarsa. Shi kuma Lennon a 1966 ya ce wai sun fi Annabi Isa (AS) farin jini, Kiristocin kudancin Amurka suka tara fayafayansu suka cinna musu wuta, gidan rediyon Afirka ta Kudu ya daina sa su shekara da shekaru. Ya ba da haƙuri daga baya amma magana zarar bunu ce.

Sannan abin da ya fi ba ni haushi, kiɗan nan asalinsa na baƙaƙen Amurka ne, su Chuck Berry da Little Richard. Sai da fararen yara suka kwaikwaya suka mayar musu da shi gida sannan duniya ta yi ta ihu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Tsohon Hedimasta:

Hajiya ban musa miki ko ɗaya ba, maganar ƙwaya kam ta ci yara da yawa. Amma a kan baƙaƙen fata a yi musu adalci, ba su taɓa ɓoye inda suka koya ba, duk inda aka tambaye su sai sun kira sunayen mutanen nan. Kuma a watan Satumba 1964 da za su yi wasa a Jacksonville a jihar Florida suka ji za a raba wajen zaman farare da baƙaƙe suka ce in haka ne ba za su hau dandamali ba, dole aka haɗa mutane. Daga baya ma a takardar kwangilarsu suke sa sharaɗin. Yaro farar fata ɗan shekara 15 ya ga gwanayensa sun yi haka, wannan ma ai tasiri ne.

Mai Shayin Dare:

Ni in ana wannan muhawarar ce wa nake a bar Ingila da Amurka, can ai kasuwa ce da talla, a duba inda aka hana su. A Tarayyar Sobiyet ba su taɓa taka ƙafa ba a matsayin ƙungiya, gwamnati ba ta yarda da su ba, amma yara suka nemo hanya. Tsofaffin hotunan asibiti na ƙashi, irin wanda ake ɗaukar ƙirji ko karaya, su ake yankewa a zagaye a huda tsakiya a zana waƙa a kai da injin haɗin gida, ka ɗaga faifai ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah ka sa a garmaho ka ji Beatles, daga baya da rikoda ta yawaita aka koma kwafa a tef ana miƙawa a ɓoye. Jitar lantarki babu a shago, sai yara su sassaƙa katako su je rumfar tarho ta kan titi su kwance kan tarhon su ciro abin da ke ciki su maƙala. In 'yan sintiri suka kama ka da dogon gashi su aske maka. Da yawansu saboda waƙoƙin nan suka koyi Turanci. McCartney bai samu yin wasa a Dandalin Red Square na Mosko ba sai 2003, tsofaffi da furfura suna kuka.

Indonesiya ma haka, shugabansu Sukarno ya tsani kiɗan, a 1965 aka ɗaure wasu 'yan uwa mawaƙa da ake kira Koes Bersaudara saboda suna rera irin waƙoƙin. To ɗan Anfield kai ka gaya min, shugaban ƙasa guda zai tsaya ɗaure mutane a kan abin da ba shi da tasiri?

Abin dariya kuma lokacin da Harrison ya tafi wajen makaɗin Indiya Ravi Shankar koyon sitar, garayar Indiyawa, har su duka suka kwasa zuwa garin Rishikesh na Indiya a 1968 wajen wani malamin Hindu, yaran Turawa suka bi su ɗuu da turaren wuta da riguna masu furanni kamar sun gano sabuwar duniya, mu nan iyayenmu sun daɗe da haddace waƙoƙin Indiya a silimun Kano da Jos, ba wanda ya sa su a jarida.

Ɗan Legas 73:

Ba wanda ya taɓo inda suka haɗu da Najeriya, bari in sa baki. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba su lambar girmamawa ta MBE, har wasu tsofaffin sojoji suka mayar da tasu don haushi wai an haɗa su da 'yan kiɗa. A watan Nuwamba 1969 Lennon ya mayar da tasa fada da 'yar wasiƙa, dalilinsa na farko shi ne hannun Birtaniya a yaƙin basasarmu, watau makaman da take ba gwamnatin Gowon, na biyu goyon bayan da Birtaniya ke ba Amurka a yaƙin Vietnam, na uku kuma wai wata waƙarsa tana faɗuwa a kasuwa. Ka ji mutum, ana maganar rayuka ya cusa ba'a. Ni ban yarda ya san kan yaƙin ba, hotunan yaran da yunwa ta kama ya gani a jarida kamar sauran Turawa, amma dai ka ga inda mawaƙi ya kai, yana rubuta wa Sarauniya wasiƙa a kan siyasar waje duniya na bugawa.

Bayan sun watse a 1970, McCartney ya zo Legas a 1973 da matarsa Linda don ɗaukar faifai a situdiyon EMI da ke Apapa, a zatonsa hutu zai sha a bakin teku, sai ya tarar da damina da situdiyon da kayansa ba su cika ba, wani dare suna tafiya a ƙasa 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka kwashe har kaset ɗin da ya tara sabbin waƙoƙin. Ga Fela kuma ya fito fili ya ce Bature ya zo satar kiɗan Afirka, sai da ya kira shi situdiyo ya kunna masa ya ji ba kiɗanmu a ciki sannan aka samu lafiya. Hajiya Ummi kin ga ba ke kaɗai ke da wannan zargin ba, hhh. Kuma faifan da ya fito daga wannan wahalar na cikin waɗanda suka fi karɓuwa a duk abin da ya yi bayan Beatles.

Ba'agadashe:

Sannunku 'yan uwa, daga Agadas nake. Ni abin bai ba ni mamaki ba don mun ga irinsa da idonmu. Kaset ɗin Tinariwen, ƙungiyar mawaƙan Buzaye masu jita, haka ya dinga yawo hannu da hannu a wajen samarin Buzaye lokacin tawaye, an kwafa an sake kwafa har murya ta dushe, kuma daga nan ne yara suka ɗau jita har aka samu su Bombino. Yau ba a biki a garinmu ba jita. Wanda ba ya jin Tamashek in ka kunna masa zai ce me ke ciki, daidai yadda ɗan Anfield ya ce.

Ɗan Anfield:

Kai jama'a na gode, Baba Hedimasta Allah ya ƙara lafiya, labarin faifan da ya zama gurasa ya sa na yi ta dariya ni kaɗai har ƙanwata ta leƙo. Abin da ya ɗaure min kai da na lissafa, daga faifansu na farko a 1962 zuwa watsewarsu shekara takwas ma ba ta cika ba, kuma ba wanda ya kai 30 a cikinsu. Zan sake saurara dai a hankali, ban yi alkawarin zan so ba. Saura tambaya ɗaya mai muhimmanci, cikinsu wa ke goyon bayan Liverpool?

Mai Shayin Dare:

Yi haƙuri ɗan uwa, ba su damu da ƙwallo sosai ba. McCartney dai ya ce duka biyun yake so, amma in aka matsa masa gidansu 'yan Everton ne.

Ɗan Anfield:

Shi kenan, na fasa sauraron.